Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Ɗaukar Mai Gyaran Gida da Warware Rigimar Aiki

 



An ɗora mini nauyin yin magana a kan gyaran gida: yadda mutum zai ɗauki wanda zai yi masa aiki, da abin da zai yi idan aikin ya zo da gardama. Da wuya ka bi layi guda a birnin Kano ba ka ga gidan da aka kware wa rufi aka bari ba, ko ɗakin da aka fasa daɓensa aka tafi, yashi da tsakuwa suna zube a ƙofa har ciyawa ta fito a kansu. A bayan kowane irin wannan gida akwai mutum biyu da ba sa ga-maciji. Mai gida yana cewa an cinye masa kuɗi, mai aiki yana cewa an danne masa haƙƙi. Sau da yawa kuma sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, ko ma akwai aure a tsakaninsu.

Maganar da nake son kafawa guda ce: yawancin wannan rigima tun ranar ciniki ake shuka ta. Ranar da aka tsaya a tsakar gida aka nuna bango da yatsa, wannan ya ce "ka dai gyara mini shi ya yi kyau", wancan ya ce "ai ba komai, Alhaji, ba za mu ɓata ba", aka rabu babu wanda ya rubuta ko harafi ɗaya. Kunya ce ta hana, kuma abin da kunya ta hana a faɗa a ranar farko, da ɗaga murya ake faɗar sa a ƙarshe.

Jiya da yau

Iyayenmu ba su rasa tsari ba. A garuruwan ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Magina, wanda ya san kowane magini da gidan da ya koyi sana'a, kuma gabansa ake kai ƙorafi idan soro ya tsage ko azara ta karye. Tarihin Zariya bai manta da Babban Gwani Muhammadu Durugu ba, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarki Abdulkarimu. A wancan lokaci sunan magini shi ne jarinsa, domin a garin aka haife shi, a nan kuma 'ya'yansa za su gaje shi. Kayan aikin ma sananne ne ga kowa: tubali, azara, makuba, da yaɓen da ake sabuntawa kafin damina.

Yau gyaran gida ɗaya yana tara birkila da leburorinsa, da kafinta, da mai wayarin, da mai aikin famfo, da mai tayil, da mai walda, da mai fenti. Wasu daga wani gari suka zo, lambar waya kawai ka sani. Kayan aikin kuwa farashinsu ba ya kwana inda ya yini. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024, har sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da masu kamfanonin siminti aka yi maganar mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Ku duba halin wanda ya karɓi kwangila da baki a ƙarshen 2023, da halin wanda ya ba shi. Dukansu suna iya zama mutanen kirki, amma dole su yi rigima, domin ba su taɓa yin maganar wanda zai ɗauki nauyin ƙarin ba.

Gyara ya fi sabon gini wuyar sha'ani

Mai sabon gini yana ganin filinsa a sarari. Mai gyara kuwa bai san abin da ke ƙarƙashin filasta ba sai an kankare. Za a cire silin don a sauya kwano uku, sai a tarar gara ta cinye katakon rufin gaba ɗaya. Za a sa tayil a banɗaki, sai a ga bututun ruwa ya daɗe yana tsiyaya cikin bango. Saboda haka duk wanda ya ware kuɗin gyara, ya ajiye wani abu a gefe, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, don abin da zai ɓullo. Kuma a yi sharaɗi tun farko cewa idan an tarar da ɓoyayyen lahani, a tsaya, a kira mai gida ya gani da idonsa, a yi sabon ciniki a kan wannan ɓangare kafin a ci gaba.

Akwai kuma gyaran da ya wuce hurumin birkila, komai gwanintarsa: ɗora bene a kan tsohon gini, cire bango don faɗaɗa falo, fasa fila ko linta, mayar da ɗaki shago. Waɗannan suna taɓa abin da ke ɗauke da nauyin gidan. Sai an kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya, ya duba fandisho ya faɗi abin da zai iya ɗauka. Magina masu rajista kuma CORBON ce hukumarsu. A nan Kano, irin wannan sauyi yana bukatar izinin KNUPDA. Na san wasu suna ganin kuɗin injiniya asara ne. To mu tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe mutum fiye da 40, da makarantar da ta rufta a Jos a ranar 12 ga Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Gini idan ya faɗi, babu kotun da za ta dawo da rai.

Kafin a fasa komai kuma, a tabbatar wa ke da ikon ba da aikin. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, a nemi yardar magada a rubuce, a fayyace ko kuɗin da aka kashe kyauta ne ko bashi ne a kan gidan. Idan ɗan haya ne zai yi gyara, ya yi takarda da mai gida a kan ko za a cire masa daga kuɗin haya. Idan katangar ta tarayya ce, ko indararo zai zuba a gidan maƙwabci, ko sabuwar taga za ta leƙa tsakar gidansa, a yi masa sallama tun kafin a sauke yashi.

Zaɓen mai aiki

Kada ka ɗauki mutum don hoton da ya nuna maka a waya. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki, musamman wanda damina ɗaya ko biyu ta wuce a kansa, domin ruwan Agusta shi ne mai tona asirin rufi da filasta. Ka keɓe da mai gidan ka tambaye shi abu uku: ya gama a kan lokaci, ya nemi ƙarin kuɗi a tsakiyar aiki, kuma da aka kira shi gyara bayan an biya shi, ya dawo?

Ka san gidansa ko shagonsa, ka san ubangidan da ya koya masa sana'a ko ƙungiyar da yake ciki. Idan ya ce kamfani ne, ka ga takardar rajistarsa ta CAC, kuma sunan da ke kan asusun banki ya dace da wanda ke kan takardar.

Ka nemi ƙiyasi daga mutum biyu ko uku, kowa ya rubuta kaya daban, kuɗin aiki daban. Idan ɗaya ya faɗo ƙasa ƙwarai, kada ka yi murna da wuri, araha ba ta ado. Ko dai bai fahimci aikin ba, ko zai rage siminti, ko kuwa yana jira sai ya kware maka rufi sannan ya faɗi ainihin kuɗinsa, lokacin da ba ka da damar ja da baya.

Game da ɗan'uwa ko aboki, ban ce kada a ba shi aiki ba, shi ya fi cancanta ya ci arzikinka idan ya iya. Amma takardarsa ta fi ta bare muhimmanci, domin idan kun saɓa da bare kuɗi kawai ka rasa, idan da ɗan'uwa ne har zumunci zai tafi.

Wane irin ciniki aka yi?

Ciniki iri uku muke yi, kuma rigima tana yawan fitowa daga cakuɗa su. Akwai kwangila gaba ɗaya, kaya da aiki duk a hannun ɗan kwangila. Akwai jinga, kai ka sayo kaya, shi ya yi aikin a kan kuɗin da aka yanke. Akwai kuma aikin yini, ana biya kullum da yamma. A na farko, hatsarin shi ne a sa maka kaya marasa inganci. A na biyu, a yi gaggawa don a gama a karɓi kuɗi, ko kaya su riƙa salwanta. A na uku, aikin kwana biyar ya zama na kwana goma. Duk wanda ka zaɓa, ka san inda za ka sa ido.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da shimfiɗa wannan a babin ijara. Sharaɗi ne a san aikin, a san ladan. Idan aka bar ɗayansu a duhu cinikin ya ɓaci, kuma idan an riga an yi aikin, sai a koma ga ladan da aka saba biya a kan irinsa. Sun kuma bambanta mai sana'ar da ya ɗauki kayanka ya tafi da su shagonsa, kamar mai waldar da ya tafi da ƙofarka, wanda shi ke da lamunin su idan sun salwanta, da wanda yake aiki a cikin gidanka, wanda ba a ɗora masa biya sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya wuce abin da aka umarce shi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani kuma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka wanda ya ce a yi takarda bai zargi kowa ba, koyarwar addininsa ya bi.

Abin da takardar za ta ƙunsa

Ƙaramin aiki ba ya bukatar lauya ko Turanci. Shafi ɗaya ko biyu da Hausa, da boko ko da ajami, ya wadatar, muddin ya ƙunshi waɗannan.

Na farko, sunayen ɓangarorin biyu da adireshinsu, da gidan da za a yi wa aiki.

Na biyu, aikin dalla-dalla, ɗaki bayan ɗaki. "Gyaran banɗaki" ba bayani ba ne. A rubuta za a cire tsohon tayil, a sauya bututu, a sa sabon tayil har tsayi kaza. A rubuta har abin da ba ya cikin cinikin, da wanda zai kwashe ɓaraguzai.

Na uku, kaya da sunansu da awonsu. Rodi mai milimita 12 ne ko 16? Bulo mai inci 9 ne ko 6? Kwanon rufi mai kaurin 0.45 ne ko 0.55? Wayar wuta, 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket. Fenti na wane kamfani, shafa nawa? Idan an zaɓi tayil, mai gida ya ajiye guda ɗaya a hannunsa don gwadawa da wanda za a kawo.

Na huɗu, ranar farawa da ranar gamawa, da uzurin da za a karɓa, kamar ruwan sama ko jinkirin kuɗi daga mai gida.

Na biyar, abin da za a yi idan farashi ya tashi. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi manyan kaya tun farko, ban da siminti mai yawa, domin yana daskarewa idan ya daɗe ko ya sha danshi.

Na shida, duk wani sauyi ko ƙari a rubuta shi da kuɗinsa kafin a yi. "Tunda kana nan, ɗan taɓa mini wancan bangon" ita ce jimlar da ta fi kowace haddasa rigima. Mai gida yana ɗaukar sa alfarma, mai aiki yana lissafa shi aiki.

Na bakwai, sunan mutumin da duka biyun suka yarda ya shiga tsakani idan an saɓa. A zaɓe shi tun ana dariya.

Sai sa hannu, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Biyan kuɗi

Kuɗi ya riƙa bin aiki a baya, kada ya wuce shi. A ba da kafin alƙalami daidai abin da zai sayi kayan matakin farko ya kawo ma'aikata. Daga nan a biya mataki-mataki: an gama rufi, an duba, a biya, an gama wayarin da famfo, an gwada, a biya. A manyan kwangiloli akan riƙe kashi 5 cikin 100 har wata shida bayan miƙa aiki, don gyara abin da zai bayyana. Babu abin da ya hana mai ƙaramin gida yin haka, in dai an faɗa tun farko. Idan aikin rufi ne, a ce sai an ga ruwan farko.

A biya ta banki inda hali ya yi, a rubuta dalilin biyan. Idan hannu da hannu ne, a samu littafi guda, duk wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata. Masu aiko da kuɗi daga Legas ko Saudiyya, da iyayenmu mata waɗanda ba sa iya tsayawa a kan aiki, su raba amana gida biyu: mai riƙe kuɗi daban, mai duba aiki daban.

A duba aiki kafin a rufe shi. Rodi kafin a zuba kankare, waya da bututu kafin a yi filasta, katako kafin a buga silin, kuma a ɗauki hoto. Kankare yana bukatar ban-ruwa aƙalla kwana 7, kuma a kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa. Mai gidan da ya matsa a cire katakon dakin da wuri saboda biki ya matso, shi ya jawo wa kansa abin da zai biyo baya.

A nan dole in juyo gare mu masu gida. Ba kullum laifin mai aiki ba ne. Akwai wanda zai sa a yi aiki alhali ya san ba shi da kuɗin, sai an gama ya fara neman aibu don ya rage. Akwai mai sauya ra'ayi kullum, a gina a rushe, kuma ya ƙi biyan ƙari. Lebura da ya yini yana ɗaukar kwanon kankare a rana, da kuɗin yammar nan za a ɗora tukunya a gidansa. Jinkirta masa haƙƙi alhali kana da shi zalunci ne, kuma addini ya tsananta a kansa.

Idan rigima ta tashi

Abu na farko, a dakatar da biya a kan ɓangaren da ake jayayya, amma a biya abin da babu gardama a kansa. Kada a kira wani ya rushe ko ya rufe aikin kafin a ɗauki hoto a kuma kawo wanda zai gani, domin wanda ya gyara kafin a shaida ya shafe hujjarsa da hannunsa.

Na biyu, a zauna ido da ido, ba a gaban leburori ba, ba kuma a Facebook ba. Tozarta mutum a bainar jama'a yana rufe ƙofar gyara, yana kuma iya jawo maka ƙarar ɓata suna. A lissafa aibobin ɗaya bayan ɗaya, a ba shi wa'adi ya gyara, a aika masa a rubuce ko da ta WhatsApp ne. Wanda ya yi kuskure yana da haƙƙin a ba shi damar gyarawa kafin a kawo wani.

Na uku, idan an kasa daidaitawa, a kawo masani wanda ba ya da ɓangare, injiniya ko masanin ƙiyasin gini ko dattijon magini, ya auna aikin da aka yi, ya kimanta shi da kuɗi, a gwada da abin da aka biya. Rigima da yawa a nan take mutuwa, domin awo ba ya son kai.

Na huɗu, sulhu. Mai unguwa, limami, shugabannin ƙungiyar masu sana'ar, ko Hukumar Hisba, duk suna yin wannan. Akwai kuma zauren sasanci da ke ƙarƙashin babbar kotu, wanda Legas ta fara buɗewa a 2002, Kano ma tana da nata. Dokar sasanci ta ƙasa da aka sabunta a 2023 ta ƙara wa yarjejeniyar sulhu ƙarfi. Duk inda aka yi shi, a rubuta abin da aka cimma, da ranar biya ko ranar gyara, a sa hannu.

Na biyar, kotu, ko ta shari'ar Musulunci ko ta majistare. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi da aka tsara don a gama da wuri. A can alƙali hujja zai nema daga mai da'awa, kuma a ranar ne takarda da rasit da hoto da shaidu suke amfani. Kada a yi ta jan ƙafa, domin doka ta sa wa'adin shigar da irin wannan ƙara.

Ina kuma jan hankalinmu a kan kai mai aiki wurin 'yan sanda. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Wanda ya sa aka tsare birkila saboda filasta ta tsage yana iya wayar gari shi ake ƙara a kan tauye haƙƙi. Wanda ya karɓi kuɗi da sunan ƙarya ya gudu, ko ya sayar da kayan da aka ba shi amana, wannan laifi ne, kuma hurumin hukuma ne. Haka shi ma mai aiki, ba shi da ikon ɓalle ƙofar da ya sa ko kulle gidan mutane don an riƙe masa kuɗi. Hanyoyin da na lissafa a buɗe suke gare shi.

Kammalawa

Ina roƙon shugabannin masu sana'a su fitar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, wadda kowane birkila da kafinta zai riƙa ɗauka a aljihu, ya zama shi ke fara miƙa ta. Mai aikin kirki shi ya fi kowa cin ribar ta, domin ita za ta raba shi da masu ɓata wa sana'ar suna. Ina roƙon iyayenmu masu unguwanni su karɓi zama shaidu a ranar ciniki, hakan ya fi sauƙi a kan zaman rabon faɗa. Malamanmu kuma su riƙa karantar da babin ijara da misalin bulo da siminti, yadda mai gida da lebura za su gane haƙƙin juna.

Allah Ya sa albarka a gidajenmu da sana'o'inmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu.